Baba Masinja da Makulli na Biyu

Duk wanda ya taɓa bi ta gaban Tsohon Banki da safe ya san inda zan fara. Ƙarfe takwas saura kwata za ka ga Baba Masinja ya ɓullo ta lungun masallaci, cikin kakinsa da ya koɗe har ya koma kalar koko, jakar fata a rataye a kafaɗa, ko takarda ɗaya babu a ciki. Ba zai buɗe ƙofa ba tukuna. Sai ya zaga ginin kaf, yana ƙwanƙwasa bango da ƙashin yatsa, yana kara kunne kamar mai sayen tukunya a kasuwa. In ka gaishe shi a lokacin, hannu kawai zai ɗaga maka. In ya gama sai ya ce, "Alhamdu lillahi, ya kwana lafiya." Ba kai yake nufi ba, ginin yake nufi. Sannan ya juyo ya amsa gaisuwarka.

Ni ne Isiyaku mai gyaran keke, wanda rumfarsa ke jingine da barandar bankin nan. Malam Haruna, malaminmu na ajin yaƙi da jahilci, ya ce kowa ya rubuta abin da ya sani ya zo ya karanta. To, ni abin da na sani Baba ne. Jiya ya cika kwana arba'in a kushewa. Na yi sati uku ina wannan rubutu, saboda haka ku yi haƙuri da ni. Kuma kada kowa ya tashi sai na kai ƙarshe, don ina da buƙata. Kun dai ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, rufin da muke zaune ƙarƙashinsa na ƙasa ne, bana ba a yaɓe shi ba, mai kula da shi kuma ya tafi.

Kun san bankin ya tattara ya koma Sabon Gari tun ina saurayi. Manaja ya tafi, akawuna suka tafi, aka cire allon suna, aka sayar da ginin. Baba kaɗai ne bai ji labari ba. Ko in ce ya ji, bai dai yarda ba. Ƙarfe takwas ya buɗe, in an kira azahar ya rufe, ranar Juma'a da hantsi ya tashi. Haka ya yi ta yi har ya koma ga Allah.

Wata rana da damina ruwa ya sauko da iska, irin mai shigowa ta gefe, baranda ba ta tare komai. Na jiƙe sharkaf. Ga Baba tsaye a bakin ƙofa, shi ma ruwa na zuba daga hularsa, makulli kuwa yana aljihunsa.

Na ce, "Baba, don Allah buɗe mu fake."

Ya ce, "Banki bai buɗe ba."

"Haba Baba! Wane banki? Ai saura minti biyar ma."

"To ka ga ka san lissafi. Jira."

Muka tsaya mu biyu kamar kaji, har sai da ƙararrawar firamare ta kaɗa. Sannan ya buɗe, ya shiga, ya zaga bayan kanta, ya matse hularsa, ya dube ni ni kaɗai a tsakiyar wannan ƙaton ɗaki, ya ce, "Malam, a bi layi."

Wallahi na bi.

Tarihin ginin kuwa a bakinsa muka ji shi, don mahaifinsa yana cikin maginan da suka ɗaga shi. Ya ce Bature ne ya zo da zane a takarda, bango huɗu da rufin kwano. Aka nuna wa babban magini, ya duba, ya duba, ya ce wa tafinta, "Tambaye shi, kuɗi za a ajiye a ciki ko gurasa za a gasa?" Aka yi ta ja, daga baya aka raba. Gaba na Bature: baranda mai ginshiƙi biyar, matakala uku, tagogi masu sandunan ƙarfe. Ciki na Zazzagawa: bangon tubali mai kaurin da mutum zai kwanta a bakin taga ya yi barci, da bakan gizo guda huɗu da suka tashi daga bango suka haɗu can sama, da azara a jere, aka rufe da ƙasa. Ku ɗaga kai ku gani. Kantar nan da kuke ɗora littattafai a kanta katakon maɗaci ne, har yau gara ba ta iya da ita ba. Ɗakin ajiya ne kaɗai aka yi da kankare, shi ne mai ƙofar ƙarfen can. Ita a jirgin ƙasa ta zo, daga tasha aka jawo ta a kan gungume har cikin ganuwa. Mutum nawa suka ja ta? Wannan ya danganta da baƙon. In ka zo hannu sake, mutum ashirin ne. In ka miƙa masa goro, sun kai sittin, har da shanu.

Kun tuna shekarar da ɗaliban jami'a suka zo da igiyar awo da malaminsu mai tabarau? Da farko dai Baba ya sa su layi. Malamin ya tsaya a tsakar ɗaki yana yi musu bayani da Turanci, sai Baba ya tsinci kalmar Bature a ciki.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, me ka ce musu?"

Malamin ya ce, "Na ce ginin irin na Turawan mulki ne."

"Wane Bature? Bature ya zana, ubana ya goge!"

Malamin ya yi dariya, ya fito da biro, ya ce, "To Baba, a wace shekara aka gina shi?"

"Shekarar da aka yi mini kaciya."

"Wace shekara ke nan?"

"Kai da ka yi karatu ba ka sani ba, sai ni da nake kwance ina jinya?"

Yanzu bari in zo kan ƙofar ƙarfe, don ita ce ta haɗa ni da shi. Ƙofar tana da kafar makulli biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. A dokar banki, manaja na riƙe da ɗaya, akanta na riƙe da ɗaya, ba a buɗe ta sai su biyun suna tsaye. Ranar da aka tashi, manajan ƙarshe ya danƙa wa Baba duka biyun, ya shiga mota. Wani da sai ya zura su a zare ɗaya ya huta. Baba ya ce a'a, doka ba ta bi manaja cikin mota ba. Ya riƙe na sama, ya nemi wanda zai riƙe na ƙasa. Mutum uku suka riƙe kafin ni. Biyu sun rasu, ɗaya ya koma Kano. Wata safiya ina cikin ɗaure sarkar keke sai na ga inuwa a kaina.

Ya ce, "Isiyaku, kana sata?"

Na ce, "Subhanallahi, Baba!"

"Kana makara?"

"Ba na makara."

"To wanke hannunka. Daga yau kai ne Akanta."

Kun san abin da ake faɗa a unguwa game da ɗakin nan. Wasu su ce zinari Bature ya manta, wasu su ce akwai rami har bayan ganuwa. Ya zura makullinsa, na zura nawa. Ya ce, "Ɗaya, biyu, murɗa!" Muka murɗa tare, ƙofa ta yi ƙara kamar tsohuwar saniya. Me zan gani? Tsani. Bokiti biyu. Buhunan makuba, wato ɓawon ɗorawa da yake jiƙawa ya kwaɓa ƙasar yaɓe da ruwansa. Sai can a kan shiryayye, shi kaɗai kamar sarki, kwalin sukari mai iyali.

Na ce, "Baba, sukari? A bayan wannan ƙofa?"

Ya ce, "Ka taɓa ganin tururuwa da makulli?"

Daga ranar, kullum da safe sai mun buɗe. Ya ɗauko ƙwaya ɗaya, ya sa wuƙa ya raba ta biyu, mu rufe, mu zauna a kan kanta mu sha shayi. Ba ma yawan magana. Shi Iya matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗansa guda yana Fatakwal. Ni ma kun san halin da nake ciki tun da uwar yarana ta rasu, yaran suka watse neman abinci. Keke ma ya yi ƙaranci, kowa ya koma babur, wata rana har azahar ba wanda zai tsaya a rumfata. To amma ƙarfe takwas dai akwai mai nemana.

Akwai lokacin da na tafi ƙauye suna, na manta makullin a aljihuna, na yi kwana huɗu. Da na dawo, Laraba mai ƙosai ta tare ni tun daga bakin titi. Ta ce, "Kai Akanta, ka ji tsoron Allah! Tsohon nan kwana huɗu yana shan shayi salam. Na ba shi sukari ya ƙi karɓa."

Na same shi zaune a matakala. Na ce, "Baba, ai da ka saya a shago."

Ya harare ni ya ce, "Ina da sukari a banki zan je in sayi na waje? So kake a ce mun karye?"

Ku riƙe wannan labarin, zan dawo kansa.

Ajin nan da muke ciki ma saboda ƙofar aka yi shi. Akwai wani littafi da duk wanda ya buɗe sai ya sa hannu. Ni kuwa dangwale nake yi, in shafa baƙin man keke a babban yatsa in danna. Ya jure mini shekaru, ranar nan ya rufe littafin ya ce, "Akanta da dangwale! In sufeto ya zo ina zan sa kaina?" Wane sufeto, Allah kaɗai ya sani. Shi ya je ya nemi izinin mai ginin, shi ya yi ta sintiri har aka turo mana Malam Haruna, shi ya fara rubuta sunana, wato ya sa aka rubuta. Ya yarda a riƙa buɗewa bayan la'asar sau biyu a sati, ya ce wannan aikin bayan tashi ne. Yakan zauna can baya kusa da ƙofa, wai gadi yake yi. Malam Haruna ya taɓa miƙa masa fensir.

Ya ce, "Malam, shekara arba'in ina yawo da takardun mutane, ban taɓa sanin abin da ke cikin ko ɗaya ba. Shi ya sa aka yarda da ni. Yanzu da tsufana kake so ka lalata ni?"

Da na fara gane baƙaƙe, na duba sa hannunsa a littafin. Wani abu ne kamar wutsiyar ƙadangare ta faɗa cikin tawada. Na juya shi sama, na juya shi ƙasa. Na ce, "Baba, ban ga harafi ko ɗaya a nan ba."

Ya ce, "Sa hannun manya ba a karanta shi. In ka ga ana karanta naka, ƙaramin ma'aikaci ne kai."

Sai rigimar siminti. Alhaji Tanimu, wanda ya gaji ginin daga mahaifinsa, yana zaune a Kaduna. Mutumin kirki ne, ya so ya kyauta. Ya aiko da siminti da lebura a shafe bangon duka, a huta da yaɓe kowace shekara. Baba ya ɗauko kujera ya zauna a gaban buhunan.

Ya ce, "Ƙasa numfashi take yi. Ta sha ruwa da damina, ta fitar da rani. In kun toshe mata hanci, a ciki za ta ruɓe."

Aka kira Alhaji a waya. Muna ji yana cewa, "Baba, zamani ya canza."

Baba ya ce, "Alhaji, ruwan sama ma ya canza?"

Da ƙyar aka sasanta, aka bar su suka shafe bangon baya kaɗai. Damina biyu aka yi, simintin ya kumbura, ya ɓalle kamar ɓawon gyaɗa, ya tafi da ƙasar bangon. Mun zaci Baba zai yi ta surutu. Ina! Ya tsinci ɓallin siminti guda, ya naɗe a takarda, ya sa a jakarsa, ya goge kakinsa, ya hau mota har Kaduna. Alhaji da kansa ya ba mu labari. Ya ce yana zaune a ofis sai ga Baba ya ƙame, ya miƙa masa ƙunshi da hannu biyu, ya ce, "Saƙo daga banki." Ya buɗe ya ga abin da ke ciki. Kafin ya yi magana, Baba ya miƙo littafi ya ce, "A sa hannu an karɓa." Tun daga nan Alhaji bai ƙara maganar siminti ba. Buhun makuba yake aikowa.

Kowace shekara, in zafi ya tsananta, sai mu fito da tsani. Mu kwaɓa ƙasa, mu bar ta ta kwana biyu, a hau a toshe duk inda ya tsage, a share indararo don ruwa ya sami hanya. Da shi yake hawa ni ina riƙe tsani. Da ƙafa ta gaza sai muka yi musanya, ni a sama, shi a ƙasa yana ihu. "A hankali, Akanta! Aikin ubana kake takawa!" Bara da na sauko na ga hannunsa yana rawa a jikin tsanin. Na ce ya bari in nemi wani. Ya ce, "Tsanin ne yake rawa, ya tsufa."

Wata ranar Alhamis na zo na zauna a rumfa. Takwas saura kwata ta yi, ban ga kowa ya ɓullo ta lungun masallaci ba. Ƙararrawar firamare ta kaɗa. Laraba ta dube ni, na dube ta, ta sauke kaskonta daga wuta. Na tafi unguwar Kwarbai, ɗakin da yake haya. Tun daga nesa na ga tabarmi a ƙofar gida. Maƙwabta suka ce ya dawo daga sallar asuba ya kishingiɗa, shi ke nan. Kakinsa na rataye a ƙusa, a goge.

Bayan sadakar uku ɗansa ya kira ni gefe, ya ba ni jakar fata. Ya ce, "Ya sha gaya mini a waya, in ta Allah ta kasance a ba Akanta." Makullin ƙofar waje ne a ciki, da littafi, da makullin sama.

Na yi sati biyu ban kusanci ƙofar ƙarfe ba. Da na ga gajimare ya fara tasowa, na ce dole in fito da tsani. Na shigo da safe ni kaɗai, na tsaya a gabanta da makulli a kowane hannu, ina jin kamar ɓarawo. Na ce bari in fara sa nasa. Na zura na sama, na murɗa. Ban kai ga sa nawa ba, sai na ji ƙofa ta yi kukanta, ta buɗe.

Na tsaya. Na rufe, na sake. Ta sake buɗewa. Na durƙusa na haska kafar ƙasa ta ciki da fitilar waya. Jama'a, ni makaniki ne ko da na keke ne, na san ƙarfe. Babu komai a ciki. Harshen da zai kama ya karye, tsatsa ta cinye wurin, ba karyewar bana ba ce, ba ta bara ba. Na tabbata tun kafin a ba ni makullin haka take. Kuma mutumin da yake jin tsagewar bango da kunne, ba zai kasa sanin wannan ba.

Shekara goma sha ɗaya ina murɗa iska, yana ce mini "Ɗaya, biyu."

Na zauna a ƙasa na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce, kai Baba, ka gama da ni! Sai kuma na tuna kwana huɗun nan da na yi a ƙauye. Sukarinsa na nan, makullin da ke buɗewa na aljihunsa, ba mai ganinsa, amma ya zauna a matakala yana shan shayi salam yana duban hanya. Daga nan dariyar ta ƙi ci gaba. Na duba kwalin, saura ƙwaya tara da rabi. Rabin nawa ne ko nasa, ban sani ba. Na ja ƙofar na rufe, ban ɗauki tsanin ba.

To ga buƙatata. Na gaya muku gaskiya, ban ɓoye komai ba: makullin nan na ƙasa ba ya buɗe komai. Ga shi na ajiye a kan kanta. Zan iya fito da tsani ni kaɗai, amma ba zan iya hawa babu mai riƙe mini ba, kuma in ruwan farko ya sami tsagar da na hango ta gabas, bakan gizon nan ba zai kai kaka ba. Ƙasa na riga na kwaɓa, tana bayan gini. Ina neman mutum ɗaya. Ba sai ya iya sa hannu ba, za mu koya a nan. Kada dai ya yi sata, kada ya makara. Albashinsa rabin sukari. Gobe ƙarfe takwas zan tsaya a bakin ƙofa, kuma ko ruwa ake yi ba zan buɗe ba sai ƙararrawa ta kaɗa.

Allah ya jiƙan Baba Masinja, ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya rufa wa ginin nan asiri daga ruwa, Allah ya rufa masa nasa. Ya sanyaya makwancinsa fiye da ɗakin nan, ya haɗa shi da Iya da mahaifinsa, kada ya bar shi shi kaɗai. In ya isa ƙofar Aljanna, Allah ya sa ya tarar da ita a buɗe, ba sai ya jira kowa ba. Amin.